Ƙamus, Waya Ko Malamin Lesin: Wanne Zai Raba Ka da Ruɗanin Effect da Affect?

Duk wanda ya taɓa rubuta takardar ofis, ko kundin kammala karatu, ko insha'in jarrabawar WAEC, ya san inda alƙalami kan tsaya cak. Kana so ka ce abu kaza ya yi tasiri a kan abu kaza, ko ya jawo kaza, sai kalmomi su taso maka a tare: effect, affect, impact, result, influence. Kowacce ka ɗauka sai ka ji kamar ta zauna daram, har sai takarda ta dawo da jan biro a kanta. A jami'o'i da kwalejojinmu abin ya fi ƙamari, domin kundaye da yawa da ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi takensu ke farawa: tasirin taki a kan masara, tasirin talla a kan ciniki, tasirin kafofin sada zumunta a kan karatun ɗalibai. Idan ka yi tuntuɓe tun a take, malamin da ke duba kundin ya riga ya haɗe rai kafin ya buɗe babi na ɗaya.

Wannan bayani na mutumin da ya gaji da wannan hali ne, yana da ɗan abin kashewa, amma ya rasa inda zai zuba shi. Hanyoyi biyar ne a gabansa: ya sayi babban ƙamusun masu koyon Turanci na takarda, ko ƙamusun Turanci da Hausa, ko ya dogara da ƙamusun waya, ko injin fassara da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, ko kuma ya biya malamin lesin.

## Inda gizo ke saƙa

Mutane da yawa na zaton ma'ana ce matsalar. Ba ita ba ce. Ɗan aji uku na sakandare ma ya san effect na nufin tasiri ko sakamako. Abubuwan da ke kayar da mutum guda uku ne, kuma sai an san su kafin a iya auna kowace hanya.

Na farko, aikin da kalmar ke yi a jimla. Affect aikatau ce a kusan duk inda za ka gamu da ita, ma'anarta shafa: ambaliya ta shafi manoma, the flood affected farmers. Effect kuwa suna ce: the flood had an effect on farmers. A baki kusan sauti ɗaya ne, wasalin farko kaɗai ya bambanta, shi ma ba a danna shi, don haka kunne ba ya ceton kowa. Sai kuma abin da ke ƙara dagula lissafi: a Turancin ofis effect kan rikiɗe ta zama aikatau, da ma'anar aiwatarwa. Akawun da ya rubuta effect the payment bai yi kuskure ba, cewa ya yi a zartar da biyan kuɗin. Da affect ya rubuta, da cewa ya yi wani abu ya taɓa biyan.

Na biyu, ƙananan kalmomin da ke rakiya. Effect da impact da influence, idan suna ne, on suke ja a bayansu. Affect ba ta son on ko kaɗan. Result kuwa hanyarta ta rabu biyu: result in na kai ka ga abin da ya biyo baya, result from na mayar da kai ga abin da ya haddasa. Result to da ake yawan ji a nan gida, mai gyaran jarrabawa layi zai ja mata, domin an cakuɗa ta ne da resort to. Haka impact knowledge da ake ji a jawaban bikin yaye ɗalibai, impart ake nufi.

Na uku, dunƙulallun maganganu waɗanda ba a canja musu ko da harafi. With immediate effect, wadda duk ma'aikacin gwamnati ya san ta daga takardun sallama da na canjin wurin aiki. With effect from, da ake bi da kwanan wata. Take effect, idan doka ko magani ya fara aiki. Side effects, illolin da ake jerawa a 'yar takardar cikin kwalin magani. Personal effects kuwa ba ruwanta da tasiri, kayan mutum ne na kansa. Ba ka da damar cusa impact a ɗaya daga cikin waɗannan. Amma idan aka zo binciken illar da babban aiki zai yi wa muhalli, wanda Najeriya ta yi wa doka a 1992, sunansa Environmental Impact Assessment, nan kuma effect ba ta da wurin zama.

Ke nan abin da ake nema ba mai faɗin ma'ana ba ne, mai nuna kalma tare da abokan tafiyarta ne.

## Ma'aunan da za a bi

Ma'auni na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne wanda aka ambata yanzu: shin hanyar na nuna maka kalmar a cikin cikakkiyar jimla, ta kuma gaya maka inda ba ta shiga? Sai kuɗi, wanda ya rabu biyu, na biya sau ɗaya da na biya kullum. Sai ɗorewa, inda za a duba ƙura da damina da gara ga littafi, da caji da data da ɓarayin waya ga na'ura. Sai sauƙin amfani ga wanda Turancinsa bai nuna ba tukuna. Na ƙarshe haɗari: yiwuwar a ba ka kuskure ka karɓa hannu bibbiyu, ko ka saba da abin da ba zai shiga ɗakin jarrabawa tare da kai ba.

## Babban ƙamusun masu koyo, na takarda

A nan ana maganar Oxford Advanced Learner's Dictionary da Longman Dictionary of Contemporary English da ire-irensu. Ba irin ƙaramin ƙamusun aljihu ba ne da ake saya wa 'yan firamare. Na Oxford ɗin aikin A. S. Hornby ne, wani malamin Turanci da ya koyar a Japan, ya ga cewa ɗalibansa na sanin ma'anar kalma amma su kasa gina jimla da ita. Kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford ya fitar da shi a 1948, bugu na 10 ya fito a 2020. Na Longman ya fara fitowa a 1978, kuma abin da ya yi fice da shi shi ne yana bayanin kowace kalma da zaɓaɓɓun kalmomi masu sauƙi kusan 2,000, don kada ka je neman ma'ana ka dawo da sabbin kalmomi uku da ba ka sani ba.

Ga yadda abin yake idan ka buɗe shafin effect a na Oxford. Za ka ga an nuna suna ce, an sa alamar cewa ana iya ƙirga ta a wani wuri, a wani wurin ba a iyawa. Kusa da ita an rubuta on sb/sth, wato a kan wani mutum ko wani abu. Ƙarƙashin wannan jimloli ne na misali, sannan jerin dunƙulallun maganganun nan da baƙin rubutu mai kauri. Can ƙasa kuma an ware aikatau ɗin, an yi mata alamar cewa ta rubutun hukuma ce, ba ta hira ba. Akwai kuma ɗan akwati da aka keɓe musamman don bambanta affect da effect. Na Longman yana ƙara wata alama, S1 ko W1, da ke nuna kalmar na cikin dubun farko da aka fi amfani da su a magana ko a rubutu. Duk abubuwa ukun da muka ce suna kayar da mutum, ga su a shafi ɗaya.

Kuɗinsa na da kauri, amma sau ɗaya ne. Sai dai a kula, kasuwar littattafai cike take da bugun jabu. Ana gane shi da takarda mai duhu wadda rubutun bayanta ke leƙowa, da launin da ya dusashe, da ɗaurin da ke ɓallewa tun kafin a gama zangon karatu. Wani lokaci shafuka sukan ɓace ko su maimaitu, don haka a tsaya a gaban mai shago a bi haruffa a ga sun cika. Bugun asali kan zo da lambar da ke buɗe manhajar waya na wani lokaci, na jabu ba shi da wannan. Idan kuɗin sabo ya gagara, na hannu na asali, na Oxford bugu na 7 ko na 8, ya fi sabon jabu. Dokar effect da affect ba ta canja ba tun daga lokacin.

Wajen ɗorewa babu kamarsa. Idan aka yi masa bango, aka raba shi da danshi da gara, zai yi wa yaya aiki ya yi wa ƙane. Ba ya neman caji, ba ya neman sabis.

Matsalarsa biyu ce. Nauyi gare shi, ba mai ɗaukarsa zuwa ofis kullum. Sannan yana buƙatar a koyi karanta shi. Mutane da yawa sun mallake shi shekara da shekaru, amma layin farko na ma'ana kawai suke dubawa su rufe, alhali amfanin yana cikin misalan. Shafukan farko da ke bayanin alamomi, waɗanda kowa ke tsallakewa, zama ɗaya na yamma ya isa a gama su, kuma wannan zaman shi ke raba wanda ƙamus ya amfana da wanda ya ajiye shi don ado. Haɗarin samun kuskure a cikinsa kuwa shi ne mafi ƙanƙanta a duk hanyoyin biyar.

## Ƙamusun Turanci da Hausa

Hausa ta yi sa'ar ƙamusoshi. Akwai na G. P. Bargery na 1934, da na R. C. Abraham na 1949, da Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner da ya fito a 1965, da na Roxana Ma Newman na 1990 mai tafiya daga Turanci zuwa Hausa, da wanda ita da Paul Newman suka haɗa, maɗaba'ar Jami'ar Bayero ta buga a 2020. Manyan ayyuka ne, kuma duk mai son Hausa ya kamata ya mallaki ko da ɗaya.

Amma a tambayi wa aka rubuta wa. Na Bargery da na Abraham an yi su ne don mai jin Turanci da ke son sanin Hausa. Ƙarfinsu na wajen karin sauti da jam'i da bambancin karin harshe tsakanin Kano da Sakkwato da Katsina. Ba aikinsu ba ne su gaya maka cewa affect ba ta jan on. Na Skinner ne aka nufi Bahaushe mai koyon Turanci da shi, sai dai ya kwana biyu, Turancin ofis da na jami'a sun yi nisa tun daga lokacin. Na 1990 da na 2020 sun fi kusa da bukatar yau, suna kawo misalai, suna raba ma'anoni, to amma ƙamus mai harshe biyu dole ya raba fili tsakanin harsunan, ba zai ba effect rabin shafi ba.

Haɗarin a nan na dabam ne. Ka nemi effect ka ga tasiri, ka nemi impact ka ga tasiri, ka nemi influence ka sake ganin tasiri, sai ka ɗauka ana iya musanya su a ko'ina. Ƙamus bai yi ƙarya ba, tambayar ce ba tasa ba. Wajen sauƙi kuwa shi ne kan gaba ga wanda bayanin Turanci da Turanci ke yi wa nauyi. Bugun gida ya fi na waje sauƙin kuɗi, tsofaffin kuma sai a ɗakunan karatu na jami'a aka fi samunsu.

Ga 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka zo wa Turanci ta ƙofar Faransanci, akwai ƙarin tarko. A Faransanci affecter na ɗaukar ma'anar tura ma'aikaci wani wurin aiki, affect ta Turanci ba ta da wannan ma'ana. Su ma ƙamus mai harshe biyu kaɗai ba zai wadatar da su ba.

## Ƙamusun waya

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ƙamusoshin nan na Oxford da Longman, har da na Cambridge, suna da shafukan intanet da ake buɗewa kyauta. Bayanin da misalan na nan, sai ƙari guda da takarda ba za ta taɓa bayarwa ba: ka danna alamar lasifika ka ji furuci, na Ingila da na Amurka. A nan ne za ka ji cewa impact idan suna ce a gaɓar farko ake danna murya, idan aikatau ce a ta biyu. Mai shirin ɓangaren furuci na jarrabawar WAEC ko NECO ba zai raina wannan ba.

Kyauta ce, amma ba kyauta ba ce, tunda sai da data, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa ya san lissafin ya canja. Shafin ƙamus ba ya cin data sosai, tallace-tallacen da ke kansa ne ke ci. Manhajar Oxford ta hukuma biya ake yi. Akwai waɗanda ke aiki ba tare da data ba, kamar WordWeb, suna da amfani wajen neman ma'ana cikin gaggawa, amma misalansu ba su kai na ƙamusun masu koyo ba. Merriam-Webster ƙamus ne mai inganci, sai dai na Amurka ne, an kuma yi shi don 'yan asalin harshen, alhali makarantunmu tsarin Ingila suka fi bi.

Babban haɗarin shi ne tarkacen manhajoji marasa asali da suka cika rumbun saukar da manhaja, masu ɗauke da sunaye masu kama da na manyan kamfanoni. Wasu jerin kalmomi ne kawai da aka kwaso daga wani wuri, aka lulluɓe da talla. A duba sunan kamfanin da ya yi manhajar kafin a sauke. Ɗorewa kuwa ta wayar ce: ranar da ta faɗa ruwa ko aka fizge ta, ƙamus ya tafi. Ga kuma abin da kowa ya sani bai cika faɗa ba, ka ɗauki waya don duba kalma ɗaya, bayan rabin awa kana cikin TikTok.

## Injin fassara da ƙirƙirarriyar basira

Waɗannan biyun ana haɗa su, amma ba ɗaya ba ne.

Google Translate ya fara aiki da Hausa a Disambar 2013, kuma ya inganta ƙwarai tun daga lokacin. Idan ka ba shi cikakkiyar jimla yakan fito da abin da za a fahimta. Amma ka rubuta masa tasiri, zai ba ka ɗaya daga cikin kalmomin nan ba tare da ya ce ga dalili ba. Gobe ka sake jimlar kaɗan, ya ba ka wata. Ka samu amsa, ba ka samu ilimi ba. Don fahimtar saƙon da aka turo maka ya wadatar, don koyon rubutu bai wadatar ba. Mai duba rubutu na cikin Microsoft Word shi ma a yi hattara da shi: affect da effect duk kalmomi ne na gaskiya, don haka jan layin kuskuren haruffa ba zai fito ba ko da ka sa ɗaya a gurbin ɗaya. Mai duba nahawu kan kama wasu, ya bar wasu.

ChatGPT, wanda ya fito a Nuwambar 2022, da Meta AI da ya shigo WhatsApp a Najeriya a 2024, da sauran irinsu, wani abu ne dabam. Su ana yi musu tambaya su yi bayani. Ka ba su jimlarka ka ce su gaya maka ko effect ta dace a nan da kuma dalili, za su yi, su ƙara maka misalai goma idan ka nema, ko da ƙarfe biyun dare ne, ba gajiya ba tsawa. A kan kalmomi sanannu irin waɗannan, yawanci amsarsu daidai ce. Akwai na kyauta, akwai na biya, na ChatGPT da ake kira Plus dala 20 ne a wata, wanda ba lallai ba ne ga wannan bukata.

To ina matsalar? A wurare huɗu. Idan sun yi kuskure, da murya ɗaya suke faɗarsa da gaskiya, babu alamar shakka, kuma wanda bai san dokar ba ba shi da yadda zai gane. Suna da saurin bin ra'ayin mai tambaya: ka dage cewa malaminka ya ce result to daidai ne, wani lokaci sai su sassauto su nemo maka uzuri. Bayaninsu da Hausa bai kai na Turanci ƙarfi ba, yakan zo da wata Hausa mai ɗaure kai. Na huɗu shi ne mafi muni, kuma ba laifinsu ba ne. Ɗalibi kan tura babi guda ya ce a gyara, a dawo masa da shi sumul, ya miƙa. Ranar kare kundi malami ya nuna layi ɗaya ya ce, "Me ya sa ka sa impact a nan, a take kuma ka sa effect?" sai zufa ta karyo. Turancin ya gyaru, mai shi bai gyaru ba. Ma'aikaci kuma ya tuna cewa takardar sirri ta ofis ba abin liƙawa a manhajar wani kamfani ba ce.

Hanyar da na ga ta fi amfani ita ce ka rubuta jimlarka da kanka tukuna, ka nemi a nuna maka kuskure ɗaya-ɗaya tare da dalili, ba a sake maka rubutun ba, sannan ka tabbatar a ƙamus. Idan ƙamus da manhaja suka saɓa, bi ƙamus.

## Malamin lesin

Abu ɗaya malami ke yi wanda sauran ba sa yi da kyau: yana ganin kuskuren da kai kake maimaitawa, ya sa ka rubuta har hannunka ya saba. Yana kuma sanin yadda ake rabon maki. A jarrabawar JAMB tambayoyi 60 cikin 180 na Turanci ne, kuma a can, kamar a WAEC da NECO, ba waya ba ƙamus, sai abin da ke kanka.

Shi ne mafi tsada, domin duk wata ake biya, ga kuɗin mota. Ingancinsa kuma ya danganta da mutumin. Malami ma a cikinmu ya tashi, kurakuran da suka zama ruwan dare suna iya bin sa har gaban allo. Kafin ka biya, ka gwada shi cikin ladabi: "Malam, don Allah ina ruɗewa tsakanin result in da result from, a taimaka mini." Wanda ya ba ka jimloli biyu nan take ya san aikinsa. Wanda ya ce bari mu duba ƙamus tare, shi ma riƙe shi, alamar kirki ce. Wanda ya ce duk ɗaya ne, ka yi masa godiya ka nemi wani. Ka kuma tambaya ko ana ba da aikin rubutu a gyara. Ajin da ɗalibai suka cika maƙil, malami na karanto amsoshin tambayoyin baya, ba zai warware maka wannan matsala ba.

## A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Nuna kalma a jimla | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙamusun masu koyo na takarda | Sosai | Mai kauri, sau ɗaya | Shekaru | Sai an koyi alamominsa | Bugun jabu |
| Ƙamusun Turanci da Hausa | Kaɗan zuwa matsakaici | Matsakaici | Shekaru | Mai sauƙi | Ɗaukar kalmomi dabam a matsayin ɗaya |
| Ƙamusun waya na manyan kamfanoni | Sosai, har da furuci | Data, ko kuɗin manhaja | Iya ran waya | Mai sauƙi | Manhajojin bogi, shagala |
| Injin fassara | Babu bayani | Data | Sai da sabis | Mafi sauƙi | Amsa ba dalili |
| Ƙirƙirarriyar basira | Sosai, idan an iya tambaya | Kyauta ko biyan wata | Sai da sabis | Mai sauƙi | Kuskure cikin gadara, dogaro |
| Malamin lesin | Ya danganta da malamin | Mafi tsada, duk wata | Abin da ka koya naka ne | Sai da lokaci | Malamin da bai ƙware ba |

## Wa ya dace da wanne

Ɗan sakandare mai shirin WAEC ko NECO ko JAMB: ƙamusun masu koyo na takarda, ko da na hannu ne. Idan iyaye na da hali, a ƙara malamin da ke gyara insha'i. Waya a wannan mataki ta fi kawo shagala fiye da amfani, sai dai a ara don jin furuci.

Mai rubuta kundi a jami'a ko kwaleji: shafin Oxford ko Longman a waya ko kwamfuta, a buɗe a gefe yayin rubutu, sannan ƙirƙirarriyar basira a matsayin mai duba aiki bayan an gama. Tun a take a yanke shawara. Idan ka auna abu ɗaya ka ga yadda ya canja wani, kamar taki da yawan amfanin gona, effect ta fi dacewa. Idan canji ne mai faɗi a rayuwar jama'a, impact. Idan abu ne da ke juya tunani ko ɗabi'a a hankali, influence. Wadda ka zaɓa ka riƙe ta har ƙarshe, kuma idan sashenku na da tsarin da ya fi so, bi nasu.

Ma'aikacin ofis, sakatare ko akawu: dunƙulallun maganganun nan ne abincinka, kuma ba su da yawa. Ƙamus ɗaya na takarda a kan teburin ofis ya ishi kowa. Ka kwafe with effect from da take effect da sauransu daga ciki, kowacce da jimlarta, a bayan littafin ajiyar bayananka.

Wanda ya bar makaranta da daɗewa, ko ya taso ta makarantar allo da Islamiyya yana koyon Turanci da girma: fara da ƙamusun Turanci da Hausa, babu abin kunya a ciki. Bayan wata shida ko shekara sai a haɗa da na Longman, saboda sauƙin bayaninsa.

Mai fassara ko ɗan jarida da ke aiki tsakanin harsunan biyu ba shi da zaɓi, duka biyun zai mallaka: na masu koyo don ya san abin da Baturen ke nufi, na Turanci da Hausa don ya samo kalmar da mai sauraro zai gane, ko tasiri ce, ko sakamako, ko illa.

Ɗan kasuwa da bukatarsa ita ce ya fahimci saƙon abokin ciniki ya mayar da amsa: injin fassara ya ishe shi, kada ya wahalar da aljihunsa. Sai dai idan takardar yarjejeniya ce mai ɗauke da kwanan watan da za ta fara aiki, wannan a kai wa wanda ya iya ya karanta kafin a sa hannu.